Shin in biya kuɗi a tsaya wa ɗana a zaman makaranta?

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka tare da maigidana da 'ya'yanmu uku, shekara shida ke nan da zuwanmu. Ɗana na biyu, wanda muke kira Abba, shekararsa 8, yana aji uku na firamare. Bai fara haɗa kalmomi ba sai da ya kusa shekara huɗu, kuma har yanzu karatu yana ba shi wuya ƙwarai. Shekara biyu da suka wuce makaranta ta gwada shi, aka rubuta masa takardar tallafi ta musamman da suke kira IEP, aka ce malamar gyaran magana za ta riƙa ganinsa sau biyu a mako, minti 30 kowane zama, wata malamar kuma ta taimaka masa da karatu. A zamanmu na ƙarshe mutum shida na tarar a ɗakin suna ta magana da sauri, na sa hannu inda aka nuna mini ba tare da na fahimci rabin abin da aka faɗa ba. Yanzu an gayyace ni wani zaman nan da mako biyar, kuma na ji ƙishin-ƙishin cewa za a mayar da gyaran maganar sau ɗaya a mako, wai ya samu ci gaba. Ni dai a gida ban ga ci gaban ba. Wata baiwar Allah a masallaci ta ba ni lambar wata mata da ake kira adboket, mai raka iyaye irin wannan zama. Ta ce dala 150 take karɓa a awa, kuma sai na fara ajiye dala 1,500. Maigida ya ce mu baƙi ne, kada mu ja da hukuma. Surukata a gida kuma ta ce a ƙyale yaro, babansa ma bai yi magana da wuri ba. Kuɗin nan ɗaukar adashina ce da na daɗe ina jira. In biya ko in haƙura?

Maman Abba, Maryland

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah Ya raya mana Abba, Ya buɗe masa ƙirji da harshe. Amsata a taƙaice ita ce kada ki miƙa dala 1,500 ɗin nan a wannan makon, amma kuma kada ki yar da lambar matar, domin mai yiwuwa ki buƙace ta, sai dai a kan aiki ƙayyadajje wanda ke da kanki za ki yanka mata, bayan kin yi wasu abubuwa da doka ta riga ta ba ki kyauta.

Bari in fara da maganar maigida, tunda ita ce ta fi yi miki nauyi ko da ba ki faɗa ba. Tsoronsa ba na banza ba ne, domin duk wanda ya taso inda gardama da ma'aikacin gwamnati take jawo a ɓatar masa da fayil ya san dalilin da ya sa ake lallaɓa hukuma. To amma abin da kike nema wa Abba ba alfarma ba ce. Tun shekarar 1975 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati su ba kowane yaro mai buƙata ta musamman ilimin da ya dace da shi ba tare da iyaye sun biya ko sisi ba, a 1990 aka sauya mata suna zuwa IDEA, aka sake yi mata gyara mai yawa a 2004. Wannan dokar ce ta haifi takardar IEP, kuma ita ce ta ce uwa da uba mambobi ne na kwamitin da ke rubuta ta, daidai da malamai. Kujerar da kika zauna a kai cikin mutum shidan nan taki ce ta hanyar doka, ba baƙunta kika je ba. Haka nan a 1982 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga jihar Texas, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardun zama, kuma dokokin kare haƙƙin masu buƙata ta musamman sun haramta wa makaranta ta rama a kan iyayen da suka nemi haƙƙin ɗansu. Ki zaunar da maigida ki faɗa masa wannan cikin natsuwa, sannan ki roƙe shi ya ɗauki hutun rabin yini ya raka ki, domin uba da ya zauna shiru yana rubuta abin da ake faɗa yakan sauya yadda zama yake tafiya, ba tare da an kashe dala ɗaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne cewa kin sa hannu ba ki fahimta ba. Wannan bai kamata ya faru ba, kuma nauyin hana shi yana wuyan makaranta. Ƙa'idojin dokar sun fito fili cewa dole makaranta ta yi duk abin da ya kamata domin iyaye su fahimci abin da ake tattaunawa a zaman, har da kawo tafinta ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Ba a ce sai wanda ba ya jin Turanci ko kaɗan ba. Turancin cefane da na asibiti daban, Turancin rahoton gwaji mai cike da lambobi da gajerun sunaye daban, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya ce na biyun ya fi ƙarfinsa. Ki rubuta wa shugabar kwamitin imel yau ɗin nan, ki ce kina buƙatar tafintan Hausa a zaman da ke tafe. In babu wanda zai zo da kansa, kamfanonin fassara ta waya suna da masu jin Hausa. Kada ki yarda a ce babbar 'yarki ta fassara miki. Ma'aikatar ilimi da ta shari'a ta tarayya sun fitar da sanarwa a 2015 cewa bai dace makarantu su dogara da yara wajen fassara ba, kuma ko babu sanarwar, bai kyautu a ɗora wa yarinya nauyin faɗa wa mahaifiyarta inda ƙanenta ya gaza ba.

A cikin wannan imel ɗin, ko wani na biyu, ki nemi kwafin duk fayil ɗin Abba: rahoton gwajin da aka yi masa tun farko, takardun IEP na shekarun biyu, rahotannin ci gaba da ake aikowa tare da sakamakon zango, da kuma rajistar da malamar gyaran magana take cikewa duk lokacin da ta gan shi. Doka ta ce a ba ki damar duba takardun ba tare da jan ƙafa ba, kafin duk wani zama a kan IEP, kuma kada ya wuce kwana 45 ko ta halin ƙaƙa. Jiharku ma ta ƙara da nata, cewa duk rahoto ko daftarin da za a tattauna a zaman sai an aiko wa iyaye aƙalla kwanakin aiki biyar kafin ranar. Rajistar nan na fi so ki duba da kyau. Sau biyu a mako a shekarar karatu adadi ne da ake iya ƙirgawa da yatsa, kuma ba sabon abu ba ne a tarar an rubuta sau biyu a takarda alhali malamar ta yi wata biyu ba ta nan ba a sa kowa a madadinta ba. In kika tarar da giɓi, kina da damar neman a rama masa zaman da ya rasa, kuma maganar rage masa lokaci ta raunana tun kafin a fara ta.

Sai ki ɗauko burikan da aka rubuta masa a IEP ta farko ki jera su kusa da na bana. In kika ga kusan jimla ɗaya ce ake maimaitawa, an ɗan sauya lamba kawai, to kin kama bakin zaren. A 2017 Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar iyayen wani yaro mai lalurar otizim, wadda ke shafar magana da cuɗanya da mutane, daga jihar Colorado, wanda ake kira Endrew a takardun shari'ar, waɗanda suka ce shekara da shekaru ana kwafe masa buri iri ɗaya. Alƙalan gaba ɗayansu suka amince cewa ɗan ci gaban da bai taka kara ya karya ba bai isa ba, dole tsarin ya kasance an gina shi yadda yaro zai ci gaba gwargwadon halin da yake ciki. Ba sai kin je zama kina ambaton sunan shari'a ba, hasali ma ban ba ki shawarar haka ba. Tambaya ɗaya ta ishe ki: da wane gwaji aka auna ci gaban da ake cewa ya samu, nawa ya ci a bara, nawa ya ci a bana? In amsar lambobi ce masu gamsarwa, to wataƙila malaman suna da gaskiya, kuma ya kamata ki buɗe zuciyarki ga wannan, domin yaro yakan nuna a makaranta abin da ba ya nunawa a gida. In kuwa amsar ita ce sun lura yana ƙoƙari, to ba a rage wa yaro tallafi a kan lura.

Duk wannan kina iya yinsa da taimakon da ba a biya. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar nauyin aƙalla cibiya ɗaya a kowace jiha mai horar da iyayen yara masu buƙata ta musamman, kuma ta jiharku sunanta Parents' Place of Maryland. Mafi yawan ma'aikatan irin waɗannan cibiyoyi iyaye ne da suka bi hanyar da kike bi, suna duba takardu tare da mutum, suna bayyana masa ma'anarsu, suna taya shi shirya tambayoyi. Akwai kuma Disability Rights Maryland, ƙungiyar lauyoyi mai kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a jihar, wadda ba ta iya ɗaukar kowace ƙara amma tana iya nuna miki inda za ki dosa. Ki kira su a wannan makon, domin layinsu yakan yi tsawo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga maganar matar da kanta. Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne wannan sana'a ba ta da lasisi. Likita da lauya da malamin makaranta kowanne akwai hukumar da ta ba shi izini kuma take iya ƙwacewa, amma a Amurka kowa yana iya buga kati ya rubuta adboket a ƙarƙashin sunansa. A cikinsu akwai tsofaffin malaman ilimi na musamman da suka san kowane lungu na aikin, akwai iyayen da suka ƙware ta hanyar fafutukar 'ya'yansu, akwai kuma wanda ya halarci bitar kwana biyu ya fito. Ƙungiyar COPAA, wadda ta haɗa lauyoyi da masu raka iyaye a faɗin ƙasar, tana ba da horo kuma tana da jerin mambobinta, amma zama mamba ba shaidar ƙwarewa ba ce. Don haka shaidar baiwar Allah ta masallaci mafari ce kawai. Ki koma ki tambaye ta mene ne takamaimai matar ta yi wa ɗanta, me aka samu a rubuce bayan zaman, nawa kuma ta biya daga farko har ƙarshe, domin jimlar kuɗin ita ce labarin, ba farashin awa ba.

Ita kuma matar, ki nemi ta ba ki minti ashirin a waya kafin ki biya komai. Ki tambaye ta horon da ta samu da shekarun da ta yi tana aikin, ko ta saba da makarantun gundumarku, ko ta taɓa aiki a kan yaro mai matsalar magana da karatu wanda ake yin wani harshe a gidansu, ko kuma ta taɓa zama tare da tafinta. Ki tambaye ta yaushe takan ce wa iyaye su nemi lauya, domin wadda ta ce ba ta taɓa buƙatar haka ba ba ta san iyakarta ba. Ki kasa kunne ga yadda take maganar malamai. Wadda ta fara da cewa duk maƙaryata ne kuma za ta nuna musu iyakarsu, ko ta yi miki alkawarin sakamako tun ba ta ga fayil ba, ki yi mata godiya ki ajiye waya. Ita za ta tafi bayan awa biyu, ke ce za ki ci gaba da kai Abba hannun waɗannan malamai kowace safiya, wataƙila har ƙaninsa ya biyo baya. Wadda ta iya aikin takan yi tambayoyi fiye da jawabi, takan sa a rubuta abin da aka faɗa da baki, kuma takan bar uwa ta yi maganar ɗanta, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ki yi lissafin kuɗin da idon basira. Dala 1,500 a kan 150 awa goma ce. Karanta fayil na shekara biyu zai iya cin awa uku, shiri da ke awa ɗaya, zaman kansa awa biyu, wasiƙar bayan zama awa ɗaya, kuma in tana lissafa lokacin tuƙi da amsa saƙon waya, kafin ki ankara kuɗin ya ƙare ana neman ƙari. Shi ya sa nake cewa ki yanka mata aiki: ta karanta fayil, ta zauna da ke ku fitar da buƙatu biyu ko uku, ta halarci zama ɗaya, ta duba takardar da za ta biyo baya. A rubuta yarjejeniya mai nuna farashin awa, da abin da ake lissafawa, da iyakar da ba za ta wuce ba sai da izininki, da kuma cewa za a mayar miki da ragowar abin da kika ajiye. Ki tambaye ta ko tana rage farashi gwargwadon samun iyali, wasunsu suna yi. Kuma ki sa a ranki cewa wannan kuɗi ba zai dawo ba. Iyayen da suka yi nasara a shari'a kotu tana iya umartar hukumar makaranta ta biya musu kuɗin lauya, amma a 2006 Kotun Ƙoli ta hana wasu iyaye daga jihar New York fiye da dala 29,000 da suka nema na wata mai ba su shawara wadda ba lauya ba ce, duk da cewa su suka yi nasara a kan makarantar.

Akwai wani kuskure da iyaye da yawa suke yi wanda nake so ki kauce masa, wato zaton cewa ƙin sa hannu yana dakatar da komai. Amincewarki a rubuce wajibi ce kafin a gwada yaro da kuma kafin a fara ba shi tallafin a karon farko. Bayan haka, a dokar tarayya, makaranta tana iya sauya tsarin matuƙar ta aiko miki da sanarwa a rubuce mai bayyana abin da za ta yi, da dalilinta, da hujjojin da ta dogara da su, da sauran hanyoyin da ta duba ta ƙi. Wannan sanarwar ita ce takarda mafi daraja da za ki fito da ita, don haka ki nemi a saka rashin amincewarki a cikinta, kuma ki nemi a bayyana miki ita da Hausa. Takardar da ake zagayawa da ita a farkon zama galibi ta shaidar halarta ce, amma ki tambaya kafin ki sa hannu, ki kuma ce za ki tafi da sauran gida ki karanta. In ba ki gamsu da gwajin da makaranta ta yi ba, kina iya neman a biya wani ƙwararre na waje ya sake gwada shi, kuma makaranta ko ta biya ko ta shigar da ƙara ta kare nata gwajin. Ko ba haka ba, doka ta ce a sake gwada yaro aƙalla duk shekara uku, kuma nasa ya ƙarato, saboda haka neman a yi gwajin kafin a taɓa lokacinsa buƙata ce mai ma'ana da wuya a ƙi ta.

In aka tashi zaman ba a daidaita ba, akwai sulhu da jiha take shiryawa kyauta, akwai ƙorafi a rubuce zuwa ma'aikatar ilimi ta jiha wanda ake yanke hukunci a kansa cikin kwana 60, akwai kuma ƙara gaban alƙalin sauraron ƙorafi, wadda shigar da ita take sa a bar yaro a kan tsarinsa na yanzu har a gama. A wannan matakin na ƙarshe aikin ya wuce na mai rakiya. Ko wanda ba lauya ba zai iya wakiltar iyaye a gaban alƙalin, dokar kowace jiha ce take yankewa, kuma a 2005, a wata shari'a da ta taso daga jiharku ta Maryland, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya shigar da ƙarar shi ke da nauyin kawo hujja. Ina faɗa miki wannan domin ki san darajar ajiye kowace takarda a fayil ɗaya bisa jerin kwanan wata, da kuma mayar da kowace maganar baki zuwa imel, ko da layi biyu ne na cewa ga abin da muka tattauna yau. Yawancin irin matsalarki ba ta kaiwa can.

Game da surukarki, ki amsa mata da ladabi, ki roƙe ta ta ci gaba da yi masa addu'a, ba sai kin yi mata bayanin kwamiti da rajista ba. Gaskiya ne wasu yara sukan makara su kamo da kansu, amma yaro mai shekara 8 da karatu ke ba shi wuya a aji uku ba jira yake buƙata ba, domin daga aji huɗu darussa sukan ɗauka cewa yaro ya riga ya iya karatu, su ɗora masa lissafi da kimiyya a kai. In kuma wani a makaranta ko a waje ya ce ku daina yi masa Hausa a gida, kada ki karɓa. Harshe biyu ba ya haifar da matsalar magana, kuma dokar kanta ta ce a gwada yaro da harshen da zai fi bayyana abin da ya sani, don haka ki duba rahoton farko ki ga ko an ma ambaci cewa Hausa ake yi a gidanku.

Ga yadda zan auna abin in ni ce ke. Bayan mako biyu, in tafinta ya tabbata, takardu sun zo, cibiyar iyaye ta zauna da ke, kuma kin ji za ki iya faɗin buƙatunki da bakinki, to ki je da maigida ki riƙe kuɗin adashinki, domin wataƙila malamin karatu na bayan makaranta ko gwajin waje ya fi buƙatarsu. In kuwa makaranta ta yi shiru da imel ɗinki, ko rajistar ta nuna giɓi mai yawa, ko rahoton ya fi ƙarfinki da na masu taimakon kyauta, to ki ɗauki matar a kan ƙayyadajjen aikin da muka faɗa, in ta tsallake tambayoyinki. Doka ta ba ki damar zuwa da duk wanda kika ga yana da sani a kan ɗanki, amma ki sanar da makaranta sunanta kwana biyu ko uku kafin ranar, kada su ga baƙuwar fuska su ce sai an ɗage zaman. Kuma in mako biyar ya yi miki kaɗan, ki rubuta ki nemi a matsa ranar, tunda ƙa'ida ta ce a sa zaman a lokaci da wurin da ɓangarorin biyu suka amince da shi.